Motocin Sintiri Masu Ɗauke da Bindiga: Asalinsu da Aikinsu a Jihar Sakkwato

Jama'ar Sabon Birni, Isa, Rabah da Tangaza sun saba ganin motocin a-kori-kura na sojoji, da bindiga mai jigida girke a bayansu. Birnin Sakkwato ne hedikwatar Runduna ta 8 ta Sojojin Nijeriya, kuma da irin waɗannan motoci dakarunta ke sintiri a karkara. Mun ga ya dace mu bayyana dalilin da ya sa ake dogaro da su.

Dabarar ta yi fice a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A shekarar 1941 Amurka ta kafa dokar bai wa ƙawayenta aron kayan yaƙi. Kamfanonin Willys da Ford sun ƙera ƙananan motocin jif fiye da 600,000, aka tura dubbai zuwa Ingila da Tarayyar Sobiyat. A 1942 sojojin Ingila suka ɗora musu bindigogi, suka riƙa kai farmakin dare kan filayen jiragen saman Jamus a hamadar Masar da Libiya. Haka kuma a 1987, sojojin Chadi sun fatattaki tankokin Libiya a garin Fada da motocin Toyota da Faransa ta ba su.

Sirrin motar shi ne sauri da rashin nauyi. Tana ratsa yashi da burtali inda tankar yaƙi ke jan jiki, ba ta shan mai kamar tanka, kuma makanikan gida sun san gyaranta. Sai dai ba ta da sulke. Harsashi na huda jikinta, nakiya na iya tarwatsa ta, da damina kuma fadama na riƙe ta. Saboda haka tsaron sojan da ke cikinta ya rataya ne kan hanya mai kyau da labari na gaskiya a kan lokaci.

Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da su kula da kwalbatoci da hanyoyin karkara kafin saukar ruwa. Uwayen ƙasa da hakimai su hanzarta sanar da jami'an tsaro duk wani sabon tono a kan hanya ko baƙuwar fuska. Direbobi da masu babura su ba ayarin sojoji hanya, iyaye su hana yara bin motocin, kuma kada kowa ya yaɗa inda ayarin ya nufa.

Allah Ya ba jiharmu zaman lafiya mai ɗorewa, amin.