Gargaɗin da Bai Kamata a Toshe wa Baki Ba

A majemun Challawa da masana'antun roba na Sharada da Bompai, ba injina kaɗai ke aiki ba. Akwai kyamarorin tsaro, da na'urar dangwala yatsa ta ma'aikata, da akwatin rarraba intanet. Irin waɗannan na'urori galibi Linux ce a cikinsu, manhajar da kowa ke iya ɗauka kyauta ya gyara, kuma da harshen C aka rubuta mafi yawanta.

A harshen nan akwai umarnin printf, mai fitar da rubutu. Matsalarsa ita ce duk inda ya ga alamar % sai ya ɗauke ta a matsayin umarni. To idan mai rubuta manhaja ya miƙa masa saƙon baƙo kai tsaye, baƙon ya samu ƙofa: da %x zai leƙa abin da ke ƙwaƙwalwar na'ura, da %n kuwa har rubutu zai yi a ciki. Kamar masinja ne da aka ba wasiƙa ya kai, sai ya buɗe ya hau aiwatar da abin da ke cikinta.

An sha ganin ɓarnar. A 2000 masu kutse sun ƙwace kwamfutoci ta wannan kafa a manhajar wu-ftpd. A 2021 sunan wata Wi-Fi mai ɗauke da waɗannan alamomi ya riƙa kashe Wi-Fi ɗin iPhone, sai da Apple ta gyara. A 2024 aka gano irinta a na'urorin Fortinet, waɗanda, abin mamaki, don tsaron kamfanoni ake sayensu.

GCC, wadda ke juya rubutun manhaja zuwa harshen na'ura, tana yin gargaɗi a kan wannan idan an kunna -Wformat-security. Masu Fedora, wani nau'in Linux, ma tun 2014 suka mayar da gargaɗin kuskure mai tsayar da aiki. Amma matashin da ake jira ya gama kafin a ɗauke wuta yakan ce ai manhajar tana aiki, ya kashe gargaɗin. Ganganci ke nan, domin gyaran bai kai minti ɗaya ba: a fara sanya "%s" sannan saƙon ya biyo.

Idan manhajar wasu ce, a tura musu gyaran don kowa ya amfana. Mai masana'anta kuwa ya tambayi wanda ya haɗa masa na'urori yaushe rabon da a sabunta manhajarsu, ya kuma sa sharaɗin sabuntawar cikin takardar kwangila.