Kafin ka sayi motar iyali, fara neman bakanike

Mu takwas ne a gidanmu a Aboabo, nan Kumasi: ni da maiɗakina, yara huɗu, ƙanena, da Hajiya mahaifiyata. Duk Sallah sai mun je Tamale, tafiyar kusan kilomita 380 ta Techiman da Kintampo, ga Hajiya gwiwarta ba ta jure matsin motar haya. Shekara huɗu ina zuba adashi daga albashin koyarwa, don ba na son bashin banki mai ruwa. Ka ga kuɗi irin wannan, in aka yi kuskure sau ɗaya, shi ke nan.

Saura ƙiris kuwa in yi kuskuren. Motar farko da wani dillali ya nuna mini sai sheƙi take, farashinta kuma da sauƙi. Allah ya sa na je da wani tsohon bakanike daga Suame Magazine. Bai ko kalli fenti ba. Ya ɗaga shimfiɗar ƙasa, ya leƙa ƙarƙashin kujeru, sai ga busasshen taɓo da tsatsa. Ya ce, “Malam, wannan ta kwana cikin ambaliya. Wayoyinta za su ci albashinka.” Da yawa cikin motocin da ake kawo mana daga Amurka a gwanjon waɗanda suka yi haɗari ko ruwa ya ci ake sayo su. Shi ya sa yake da kyau a binciki tarihin mota a intanet da lambar VIN, mai haruffa da lambobi 17.

Daga nan ya koya mini tambayar da ta fi “nawa ne?” muhimmanci: in ta lalace, wa zai gyara, kuma ina kayan gyaran? Toyota Sienna tana ɗaukar mutum bakwai ko takwas, kayanta kuma ba sa wuyar samu a Magazine ko Abossey Okai a Ankara. Ƙirar 2004 zuwa 2006 bel ne ke juya injinta, sai an riƙa canja shi. Daga 2007 sarƙa ce, ta fi daɗewa. Honda Odyssey akwai daɗin tuƙi da fili, amma ita ma injinta mai bel ne, sai ka sa kuɗin canji a lissafi. Voxy da Noah ba su kai su shan mai ba, sai dai daga Japan sitiyarinsu a dama yake. Mu kuwa tun 1974 a hannun dama muke tuƙi, don haka juya sitiyarin ake yi. A nan a buɗe ido, aikin juyin nan rai ne a kansa.

Sauran lissafin a fili yake. Injin V6 yana shan mai ba wasa. Ƙofa mai buɗe kanta da lantarki yara na sonta, amma gyaranta tsada. Cikin waɗannan motoci kusa da ƙasa yake, ga ramukan unguwanninmu da damina. In da kanka za ka shigo da mota ta Tema, wadda ta haura shekara 10 akwai ƙarin tara a kwastan. Kada kuma ka miƙa kuɗi sai takardu sun yi daidai da lambar jikin motar, kuma an je DVLA an sauya suna.

A ƙarshe Sienna 2010 mai kujera takwas na saya, fentinta duk ya koɗe. Na rage kuɗin taya, inshora da juyen mai a gefe, ban zuba komai a farashi ba. Sallar da ta wuce muka isa Tamale kafin la’asar, Hajiya ta miƙe ƙafa a kujerar gaba har da barci. Da muka sauka ta ce, “Allah ya yi albarka, amma gobe ka kai ta wanki.”