Motar Iyali Ko Motar Alfarma: Jagora Ga Mai Niyyar Sayen Mota

Magidanta da yawa a ƙasar nan kan shafe shekaru suna tara kuɗin mota, amma ranar saye sai su duba kyan jiki da farashi kawai. Alhali kuɗin da aka biya dillali somin-taɓi ne. Ainihin tsadar mota tana bayyana ne a gidan mai da garejin bakanike, wata bayan wata. Saboda haka ya kamata mai saye ya auna nauyin riƙon mota tun kafin ya karɓi makulli.

Ire-iren Motocin Biyu

Motar iyali ita ce ƙaramar bas mai layin kujeru uku, wadda ke ɗaukar mutum bakwai ko takwas da kayansu. Ba baƙuwa ba ce ga jama'armu. Masana'antar Peugeot da ta fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975 ta fitar da doguwar 504 mai layi uku, wadda ta yi wa iyalai da 'yan tasha hidima shekara da shekaru. Irin ta zamani mai dogon rufi ta yaɗu ne daga 1984, lokacin da Dodge Caravan ta bazu a Amurka, Renault Espace kuma ta fito a Faransa. Waɗanda aka fi gani a hanyoyinmu su ne Toyota Sienna da Honda Odyssey da Volkswagen Sharan.

Motar alfarma kuwa an ƙera ta ne domin jin daɗi da ƙarfin gudu da ƙasaita. A cikin wannan rukuni akwai manyan Mercedes-Benz da BMW da Range Rover da Lexus.

Kuɗin Mai

A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki lita ɗaya ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500, a 2024 kuma ta haura naira 1,000 a garuruwa da dama. Tun daga nan shan man mota ya zama babban al'amari a kasafin kowane gida.

Bisa gwajin Hukumar Kare Muhalli ta Amurka, Sienna mai silinda shida tana shan wajen lita 11 a kowace tafiyar kilomita 100. Babbar motar alfarma mai silinda takwas, kamar Lexus LX 570, tana shan lita 16 zuwa 17. Sienna samfurin 2021, wadda ke haɗa fetur da lantarki, ba ta kai lita 7 ba. Cunkoso da na'urar sanyaya mota da tsufan inji duk suna ƙara waɗannan alƙaluma.

A ƙaddara magidanci yana tafiyar kilomita 1,500 a wata, a kuma ƙaddara lita ɗaya naira 1,000 ce. Mai Sienna zai sayi lita 165, mai babbar motar kuwa wajen lita 250. Bambancin ya kai naira 85,000 a wata, wato fiye da naira miliyan ɗaya a shekara. Wannan kuɗi ne da zai iya biyan haya ko kuɗin makarantar yara. Ban da haka, iyalin da ya kai mutum bakwai ba zai shiga motar alfarma mai kujera biyar ba. Dole a yi sawu biyu ko a tada mota biyu, kuɗin mai ya ninka.

Ƙarko Da Kayan Gyara

Motocin alfarma da yawa suna cike da na'urori masu sarƙaƙiya. Wasunsu suna zaune ne a kan jakunkunan iska maimakon sifirin na ƙarfe. Idan jaka ɗaya ta huje sai motar ta durƙusa, kuma canza ta ba ƙaramin kuɗi ba ne. Tayoyinsu masu siririn gefe ba sa jure ramuka. Gyaran wutarsu yana bukatar kwamfuta da gwanin da ba a samu a kowane gari. Mafi yawan kayan gyaransu daga waje ake shigo da su, farashinsu kuma ya tashi ƙwarai bayan faɗuwar darajar naira daga Yunin 2023.

Ƙarfin motar iyali yana ga yawanta. Kayan Sienna suna nan a kasuwar Ladipo ta Legas da Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, kuma kanikawa sun san cikinta. Wanda motarsa ta tsaya a kan doguwar hanya shi ya san amfanin haka.

Duk da haka, ba kowace motar alfarma ce mai yawan lalacewa ba. Injin da ke cikin Lexus RX 350 na shekaru da dama shi ne dai a cikin Sienna da Camry mai silinda shida. Ita ma motar iyali tana da nata rauni. Cikinta yana kusa da ƙasa, don haka tana wahala a hanyar karkara lokacin damina, ƙofofinta masu jan kansu da lantarki kuma sukan ba da matsala idan sun tsufa. Wadda aka yi haya da ita a dogon zango ta riga ta ci rabin ranta.

Shawara Ga Mai Saye

Kafin a biya kuɗi, a je kasuwa a tambayi farashin taya da birki da shakazoba da fitilar motar da ake so. A kai ta wurin amintaccen bakanike ya duba inji da giya da alamun haɗari ko shigar ruwa. A tabbatar da ingancin takardun kwastan, a kuma ga lambar jikin motar ta yi daidai da wadda ke cikin takarda. A duba lambobi huɗu da ke gefen taya, waɗanda ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Bayan saye, a riƙa canza baƙin mai a kan kari, kada a ɗora fiye da yawan kujeru, kowa kuma ya ɗaura bel, kamar yadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke yawan jan hankali.

Wanda samunsa ya kai ya riƙe motar alfarma ba tare da ya tauye haƙƙin iyalinsa ba, ba laifi ya saya. Amma ga ma'aikaci ko ɗan kasuwa mai matsakaicin ƙarfi da yawan iyali, motar da za ta kwashi kowa a sawu ɗaya, a kuma gyara ta a garin da ta tsaya, ita ce ta fi dacewa. Daidai ruwa, daidai tsaki.