Bayanan Abokan Ciniki Amana Ne a Hannun Ɗan Kasuwa

A da, littafin bashin ɗan kasuwa bai wuce suna da adadin kuɗi ba. A yau kuwa, mai na'urar POS a kasuwar ƙauye da mai rumfar rajistar layin waya suna riƙe da lambobin waya, da na asusun banki, da na BVN da NIN na jama'a masu yawa.

Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da BVN a shekarar 2014, lamba guda da ke haɗe da dukkan asusun mutum. A watan Disamba na 2020 kuma, Gwamnatin Tarayya ta umarci a haɗa kowane layin waya da NIN. Idan macuci ya sami waɗannan lambobi, yakan kira mai asusu da sunan ma'aikacin banki, ya karanto masa bayanansa daidai, har ya yarda ya ba da lambar sirrinsa. Ta haka kuɗin amfanin gonar shekara kan salwanta cikin ɗan lokaci.

A watan Yuni na 2023, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu kan Dokar Kare Bayanai, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Nijeriya. Dokar ta wajabta wa mai karɓar bayanan mutane ya karɓi iya abin da aikin ke bukata, ya bayyana dalili, ya kuma adana su. Idan suka ɓace ko aka sace su, kuma akwai haɗari ga masu su, sai a sanar da hukumar cikin sa'o'i 72. Tarar ƙaramin ɗan kasuwa na iya kai naira miliyan 2, ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekara, wanda ya fi yawa.

Saboda haka muna kira ga 'yan kasuwa da kada su rubuta lambar sirrin kowa. Su kau da kai yayin da ake danna ta, su sa wa wayar aiki makulli, su ƙone tsofaffin takardun rajista maimakon ba masu ƙosai su naɗe.

Muna kuma roƙon dagatai, masu unguwanni da jami'an ƙananan hukumomi su yawaita faɗakarwa a ranakun kasuwa cewa banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya. Wanda aka cuta, ya garzaya bankinsa a rufe asusun nan take.