Tagwayenmu da Ruwan Masana'antu

Yau hirarmu a kan tagwaye take, amma ba zancen kunama da ake cewa ba ta harbinsu ba.

Ke da ke zaune a Zawaciki ko Panshekara, kin san warin da ke tasowa daga wajen Challawa, kin kuma ga launin ruwan da masana'antun jima da na rini ke saki. Na Sharada yana bin rafin Salanta, na Bompai ya gangara Getsi ya haɗu da Jakara. A jimar zamani ana amfani da wani sinadari mai suna kuromiyam, ga shi kuwa da ruwan nan waɗansu ke ban-ruwan latas da kabeji. To, in uwa ta kamu da ciwon ƙoda ko asma, yaya za a gane ko gado ne ko ruwan ne?

A nan tagwaye ke da rana. Waɗanda suka fito daga ƙwai ɗaya gadonsu kusan ɗaya ne. A ce an kai Hassana aure Zawaciki, Husaina kuwa Bichi. Bayan shekara ashirin, in ciwo ya kama ɗaya ya bar ɗaya, sai likita ya waiwayi ruwan da kowacce ta sha da iskar da ta shaƙa. Amma gida ɗaya ba ya isa hujja, sai an tara dubbai a rajista, ana bin lafiyarsu shekara da shekaru.

Ƙasar Denmak ta buɗe irin wannan rajista a 1954. A shekarar 2000 aka bayyana binciken da aka yi a kan tagwaye 44,788, wato biyu-biyu, na Suwidin da Denmak da Finlan. Aka gano cewa a yawancin ciwon daji, yanayin zama ya fi gado tasiri. A Nijeriya ma an soma rajistar tagwaye da 'yan makarantun Abuja da Legas.

Roƙonmu ga Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano shi ne su dubi tagwayen unguwannin masana'antu. Sai dai da sharaɗi: a nemi yardar iyaye, a rufa wa mutane asiri, a kuma dawo a gaya mana abin da aka gano.

Ke kuma 'yar'uwa, ga naki aikin. A aji nakan tambayi yara ranar haihuwarsu, da yawa sai su ce "shekarar ambaliya". Ki yanka wa Hassan da Husaini takardar haihuwa, kowa da tasa. Ki adana katin asibitin kowannensu dabam. In an ba da ɗaya riƙo, ki rubuta shekarar da garin.

Allah Ya raya mana zuri'a cikin lafiya, amin.