Abin Da Kunne Ke Ji Alƙalami Bai Rubuta Ba

A rumfar mai abinci a kasuwar Acida, kan hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Goronyo, kana iya jin magana biyu masu kama da juna kafin ka gama wanke hannu. Direba ya shigo yana kaɗe ƙura, mai rumfar ta ce, "Malam, zamna mana, mi kaka so?" Ya ce, "Hajiya, dahwa-duka, a sa yaji." Can daga bayan murhu ƙanwarta ta leƙo, tana maganar shinkafar da aka auno da safe: "Yaya, ai na dahwa duka." In ka ɗauki biro, haruffan iri ɗaya za ka rubuta. Amma ba wanda ya rikice a rumfar, har almajirin da ke jiran ragowa.

Murya ce ta raba su. A "na dafa duka", gaɓar farko ta aikatau tana sama, ta biyu ta sauka. A sunan abincin kuwa gaɓoɓin biyu duk ƙasa suke kwantawa, kamar an danne su don su ba abin da ke biye hanya. Haka ake yi wa hular nan hana-salla: hana ta kwanta ƙasa, wasalin ƙarshe na salla ya gajarce. Masana suna kiran irin waɗannan harɗaɗɗun kalmomi, kuma Hausa cike take da su: tattaɓa-kunne, faɗi-ka-mutu, bar-ni-da-mugu, a-kori-kura, har a-daidaita-sahu da Kano ta haifa shekarun baya. Jimla ce guda take narkewa ta koma suna, kuma sau da yawa shaidar narkewarta a karin sauti take, wanda rubutun boko bai tanadar masa ko ɗigo ba.

Abin da ya sa na waiwayi wannan magana shi ne wani harshe mai nisa, na mutanen Norway da ke can arewacin Turai, su kusan miliyan biyar da rabi. Su nasu harɗin a takarda ma a manne yake, ba tsaga ba ƙofa. Tashar jirgin ƙasa a wurinsu jernbanestasjon ce: jern ƙarfe, bane hanya, stasjon tasha. Daga ƙarshe ake warware ta, domin uwar kalmar tana baya, saɓanin mu da muke fara ambaton tasha sannan mu faɗi ta mece ce. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam kuwa menneskerettighetsorganisasjoner ne, haruffa 32 a jere. Baƙo ya gani sai ya ja da baya, alhali guntaye uku ne kawai: mutum, haƙƙi, ƙungiyoyi, sai wani ɗan s a tsakiya mai aikin ƙulli, kusan irin na -n da -r a gidan sauro da tashar mota. Mai harshen yana fara neman mahaɗar guntayen, a nan yake yanka in layi ya ƙare masa, kuma guntun farko yake dannawa da ƙarfin murya, sauran su biyo a sassauce.

In aka raba abin da ya kamata a manne, sai a yi abin kunya. Røykfritt a jikin bango na nufin ba a shan taba a nan. Wanda ya tsaga ta biyu ya rubuta røyk fritt cewa ya yi sha tabarka son ranka. Har ila yau suna da wani abu da yawancin harsunan Turai ba su da shi, wato kari iri biyu mai bambanta ma'ana. A bakin mutumin Oslo, bønder da bønner baƙaƙe da wasula ɗaya ake furtawa, tashi da saukar murya ne kaɗai ke nuna ko manoma ake nufi ko wake. Mai noman rani a bakin madatsar Goronyo ba zai ga baƙon abu a nan ba. Shi ma da murya yake raba kuka na hawaye da kuka ta miya, da wuya na jiki da wuya ta rayuwa, da kai na "kai ne" da kai mai ɗaukar kaya.

Bambancin shi ne su sun haɗa biyu, dannawa da kari. Hausa kuwa ba ta dogara da danna gaɓa ba. Abin da take da shi kari uku ne, na sama da na ƙasa da faɗau, sai kuma tsawon wasali, wanda ya raba gari na mutane da gari na tuwo. Don haka kalangu ke iya kiran sunan mutum ya waiwayo: makaɗin matsa tsarkiya yake yi yana saki, fatar tana bin hawa da saukar maganar.

Gaɓar Hausa kuma tana da tsauri fiye da yadda muke zato. Siffa uku gare ta: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Ta farko sassauƙa ce, sauran biyun masu nauyi. Ba ta yarda baƙaƙe biyu su yi cunkoso a bakin ƙofa. Shi ya sa muka buɗe kalmomin aro muka zuba musu wasula, muka sami burodi da direba da firamare. Ɗan Norway yana cewa strand, bakin teku, a gaɓa ɗaya, baƙaƙe uku a jere a gaba. Bahaushe ba zai taɓa ta ba sai ya farfasa ta.

Sunayen garuruwan yankin Sakkwato ma darasi ne. Wur-no gaɓa biyu, ta farko rufaffiya. Go-ron-yo uku, ana yanka ta kamar han-ya, ko da yake makwabtanmu Fulani suna da ny a matsayin baƙi guda. Rabah kuwa, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, h ɗin nan na takarda ne. Je ka tasha ka saurari ɗan kamasho, Ra-ba yake kira. Shi kansa sunan Ahmadu, da na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello wanda ya yi ribaɗi a Wurno ya rasu a can a 1837, u ɗin ƙarshensu bakin mutanen ƙasar nan ba ya yar da shi, don harshen ya fi son kalma ta ƙare da wasali. Kuma da zarar baƙi ya rufe gaɓa, dogon wasali dole ya tsuke. Gulbi wasalinsa na ƙarshe dogo ne, amma a gulbin Rima ya gajarce. Mai ya koma man, shi ya sa muke cewa man shanu da man gyaɗa. Ba malamin da ya koya wa yaro wannan, da nono ya sha shi.

A wannan baƙi na ƙarshen gaɓa ne Sakkwatanci ke da abin faɗa. "Zamna" da mai abincin ta ce, Bakano zauna zai ce. Haka amre da aure, sabka da sauka, abduga da auduga. Wani Bajamushe masanin harsuna, August Klingenheben, ya bayyana dalilin tun ƙarshen shekarun 1920, har ana kiran ƙa'idar da sunansa: baƙaƙen leɓe in sun zo ƙarshen gaɓa, a Hausar gabas sun yi laushi sun koma u, a yamma kuwa suna nan da ƙarfinsu. Wato tsohuwar siffar ce a bakin mutumin Raba. Ni kam abin yana ɗan sosa mini rai in na ga an yi wa yaro jan biro a kan amre ba tare da an gaya masa haka ba. A koya masa daidaitacciyar Hausa, wannan wajibi ne, jarrabawa da jarida da ita ake yi. Amma a ce masa ta gidansu kuskure ce, wannan kuma rashin sani ne ya fi dare duhu.

Magabata sun san nauyin gaɓa tun kafin boko ya zo. Waƙoƙin Hausa na zamanin jihadi, irin na Nana Asma'u 'yar Shehu wadda ta rasu a 1864, a kan ma'aunin arulin Larabci aka ɗora su, kuma abin ya zauna ne saboda Larabci da Hausa duka suna raba gaɓa mai nauyi da sassauƙa. Farfesa M.K.M. Galadanci ya yi rubutu a kan wannan dacewa a 1975, ya kira ta aure tsakanin harsunan biyu. Ajami ma yana da hanyar nuna dogon wasali da alif da wawu da ya. Boko, tun ƙa'idojin da Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya fitar a 1912, har zuwa yau, bai shigar da kari ko tsawon wasali cikin rubutunmu na yau da kullum a Najeriya ba. Sai a ƙamus da littattafan nahawu, irin ƙamusun Bargery na 1934, ake ganin alamominsu.

Ban ce a cika jarida da ɗigo-ɗigo ba. Mai karatu ɗan harshe yana cike giɓin da kansa, mahallin magana yana yi masa jagora. Abu ɗaya dai boko ya ba mu don harɗaɗɗiyar kalma, ɗan karan ɗori, kuma shi ne muka fi yarwa, musamman yanzu da babban yatsa ke rubutu a waya cikin gaggawa. Wani ya manne, wani ya raba, wani ya sa karan a inda ba ya da aiki. Hajiyar Acida, in ta sa an rubuta mata allo a bakin rumfa, da wuya mai fentin ya sa karan tsakanin dafa da duka. Direban da ya tsaya ya karanta dai da muryar ƙasa zai karanta shi, ya shiga ya nemi benci.