Digirin Dokta Kan Tsarin Bayanai: Karatun Bin Diddigin Zaman Mutum Da Kwamfuta

A shekarar 1999 ne Hukumar Gidan Waya ta ƙasar Birtaniya ta fara rarraba wa rassanta wani tsarin lissafin kuɗi na kwamfuta mai suna Horizon. Ba a jima ba sai na'urar ta riƙa nuna cewa kuɗi sun yi ɓatan dabo a waɗansu rassa, alhali kuwa masu riƙe da rassan suna ta rantsuwa cewa ko kwabo ba su taɓa ba. Hukumar ta gaskata na'ura, ta ƙaryata mutanenta. Daga 1999 zuwa 2015 an gurfanar da fiye da mutum 900 gaban shari'a bisa zargin sata ko coge a lissafi. An ɗaure waɗansu, waɗansu kuma suka tsiyace wajen cike giɓin da ba su ne suka haddasa shi ba. Sai a watan Disamba na 2019 ne Babbar Kotu a Landan ta tabbatar da cewa tsarin yana da kurakurai, sa'an nan a 2024 Majalisar Dokokin ƙasar ta yi doka ta soke hukuncin da aka yanke wa ɗaruruwan mutanen.

Injiniya yana iya gano inda lissafin na'ura ya karkace. Amma akwai tambayoyin da aikinsa bai kai kansu ba. Me ya sa shugabanni suka fifita maganar na'ura a kan maganar ɗaruruwan ma'aikata? Wa ke da ikon taɓa alƙaluman reshe daga nesa, wa kuma ke sa masa ido? Ta wace hanya koken ƙaramin ma'aikaci ke isa kunnen manya? Irin waɗannan tambayoyi su ne aikin wani fannin ilmi da ake kira tsarin bayanai, watau nazarin yadda kamfanoni da ma'aikatu ke tara bayanai, su adana su, su yi aiki da su wajen yanke shawara. A jami'o'i da yawa, musamman na Amurka, mazaunin wannan fanni ita ce makarantar koyon harkokin kasuwanci, a can ne kuma ake yin digirinsa na dokta.

ASALIN FANNIN

Tun a 1951 wani kamfanin shagunan shayi da gashin burodi na Ingila, J. Lyons, ya fara ba wata kwamfuta tasa mai suna LEO aikin ofis. Amma sai a 1968 ne aka ba abin tsari na karatu, sa'ad da malamai uku na Jami'ar Minnesota ta Amurka, Gordon Davis da Gary Dickson da Thomas Hoffmann, suka kafa cibiyar bincike da kwasa-kwasan manyan digiri a wannan fanni. Ɗaliban dokta na farko-farko a can sun yi ta gwaje-gwaje don gano ko yadda aka shirya rahoto, a dunƙule ko dalla-dalla, a takarda ko a allon na'ura, yana canza shawarar da manaja zai yanke. A 1977 aka fara buga mujallar MIS Quarterly, a 1980 aka yi babban taron farko na masanan fannin a birnin Philadelphia, a 1994 kuma suka kafa ƙungiyarsu ta duniya.

Misali ɗaya ya isa ya nuna irin amfanin da kundin dokta ke iya yi. Fred Davis ya sami digirinsa a 1986 a makarantar kasuwanci ta Sloan da ke MIT. Tambayarsa ita ce: me ke sa ma'aikaci ya rungumi sabuwar na'ura ko ya yi watsi da ita? A maƙalar da ya buga a 1989 ya auna abubuwa biyu, watau yadda mutum ke ganin na'urar za ta amfane shi a aikinsa, da yadda yake ganin sauƙin sarrafa ta. Ya gano cewa amfani ya fi sauƙi rinjaye: mutane sukan jure wa na'ura mai wuyar sha'ani idan tana biya musu bukata, amma sauƙi kaɗai ba ya sa su riƙe wadda ba ta tsinana musu kome. Dubban masu bincike sun yi gini a kan wannan aiki na ɗalibi guda.

Har wa yau, a 1987 masanin tattalin arziki Robert Solow ya yi tsokaci cewa ana ganin kwamfuta ko'ina amma ba a ganin tasirinta a ƙididdigar yawan aikin da ake samarwa. Erik Brynjolfsson da Lorin Hitt, waɗanda su ma a Sloan suka yi dokta, sun bi alƙaluman ɗaruruwan manyan kamfanoni a shekarun 1990, suka nuna cewa ribar tana nan, amma ta fi yawa a kamfanonin da suka sake tsarin aikinsu suka kuma horar da ma'aikatansu tare da sayen na'urorin.

YADDA KARATUN YAKE

A Amurka karatun yakan ɗauki kimanin shekara biyar. Mai nema yakan gabatar da sakamakon jarrabawar GMAT ko GRE, da takardun shaida daga malamai uku, da bayanin abin da yake son ya bincika. Ɗalibai ƙalilan kowane sashe ke ɗauka a shekara, domin yawancin manyan makarantu sukan yafe kuɗin makaranta, su kuma ba ɗalibi alawus na wata-wata, shi kuwa ya taya malamai bincike da koyarwa.

Shekaru biyun farko na zaman aji ne. Ɗalibi zai sha ƙididdiga da hanyoyin bincike, ya kuma ɗebo ilmi daga fannonin maƙwabta kamar tattalin arziki da nazarin halayyar ɗan Adam da ilmin kwamfuta. A ƙarshensu akwai babbar jarrabawa, wadda idan ɗalibi ya kasa tsallake ta sai a sallame shi. Wanda ya haye zai zaɓi hanya. Waɗansu sukan auna halayyar masu amfani da na'ura ta hanyar tambayoyi da gwaji. Waɗansu sukan bi alƙaluman ciniki da idon masanin tattalin arziki. Akwai masu ƙera sabon tsari su gwada ingancinsa, akwai kuma masu tarewa a wata ma'aikata wata da watanni suna lura da yadda aiki ke gudana. Daga nan sai ɗalibi ya kare shawarar bincikensa gaban kwamitin malamai, ya rubuta kundi, wanda sau da yawa maƙalu uku ne masu alaƙa da juna, ya sake tsayawa gaban kwamitin ya kare shi. A Birtaniya kuwa karatun shekara uku zuwa huɗu ne, zaman aji kaɗan ne, nauyin ya fi rataya a wuyan ɗalibi da malamin da ke duba shi.

ABIN LURA GA MAI NEMA

Da yawa sukan ɗauka cewa wannan digiri ci gaba ne na digirin MBA. Ba haka abin yake ba. MBA manajoji yake horarwa, dokta kuwa masu bincike da malaman jami'a. Wanda ya bar aikin banki ko na kamfanin sadarwa ya shiga, to, ya san cewa zai shekara biyar yana rayuwa a kan alawus ɗin da bai kai albashinsa na da ba, ga kaɗaici, ga nisa da iyali idan a ƙasar waje yake. Maƙala ɗaya takan shekara biyu ko fiye tana kai da kawowa tsakanin marubuci da masu tantancewa, kuma manyan mujallu sun fi mayar da maƙala fiye da karɓa. Ko bayan kammalawa, sabon malami a jami'ar Amurka yana da kimanin shekara shida ya buga isassun ayyuka kafin a tabbatar masa da kujerarsa. Saboda haka ne ake ba mai nema shawarar ya duba malamin da zai yi aiki a ƙarƙashinsa kafin ya duba sunan makaranta: ya karanta abin da ya buga, ya kuma bincika inda ɗalibansa na baya suka sami aiki.

A NAN GIDA

Ƙasar nan ma ta ɗanɗana irin matsalar da wannan fanni ke nazari. A 2007 Gwamnatin Tarayya ta fara tsarin biyan albashi na bai ɗaya, IPPIS, don kawar da ma'aikatan bogi. Ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ta ƙi amincewa da shi, tana mai cewa bai yi la'akari da yanayin aikin jami'a ba, kamar malaman ziyara da masu hutun bincike, har ta haɗa nata tsarin mai suna UTAS. Wannan taƙaddama tana cikin dalilan yajin aikin wata takwas na 2022, wanda ya zaunar da ɗalibai a gida daga Fabrairu zuwa Oktoba. A watan Disamba na 2023 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince a cire manyan makarantu daga tsarin.

Gardamar ba ta tsaya kan ingancin na'ura ba, ta kai ga wanda ke da ikon ɗaukar ma'aikaci, da wanda ke riƙe da bayanansa, da wanda aka tuntuɓa kafin a shimfiɗa tsarin. Muddin ana mayar da albashi da haraji da zaɓe da cinikin banki kan kwamfuta, ana bukatar masanan da aka horar su yi waɗannan tambayoyi tun kafin a sa hannu a kwangila, su kuma kawo amsa da hujja. Wanda ya ga zai iya jure shekarun da karatun ke ci, to, aiki yana nan yana jiransa.